Ƙafar da Ke Kan Birki

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, lokacin hutun makaranta, da na kwanta a ƙarƙashin motata a tsakar gidanmu na Fadaman Mada a Bauchi na zubar da mutuncin da na yi shekaru ina tarawa. Babu wanda ya tura ni. Da ƙafata na shiga, ko in ce da bayana, tunda da jan baya ake shiga ƙarƙashin mota.

Sai na fara gaya muku wane ne surukina kafin ku gane girman abin. Alhaji ɗan kasuwa ne, shadda da atamfa yake sayarwa a kasuwar Muda Lawal, gidansu kuma yana Wunti tun kaka da kakanni. Mutum ne mai jiki, ba ya dariya a banza, kuma ba ya magana sai ya yi gyaran murya tukuna, wani dogon gyaran murya da ke sa yaran gida su ajiye duk abin da ke hannunsu. Tun da na auri 'yarsa Asma'u, wadda muke kira Ma'u, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa gaishe shi a tsaye ba, kuma bai taɓa ganin kaina babu hula ba. (Wannan na ƙarshen ba ladabi ba ne zalla. Sanƙo ya fara cin tsakiyar kaina tun kafin aure, kuma ban ga dalilin da zai sa labarin ya kai Wunti ba.)

Damuwata ɗaya ce a gidan, wato mijin yayar Ma'u, wanda kowa ke kira Injiniya. Shi ne surukin gaban goshi. Idan famfo ya lalace, a kira Injiniya. Idan za a sayi firji, a tambayi Injiniya. Idan Alhaji zai je wani wuri mai muhimmanci, motar Injiniya ce ke tsayawa a ƙofar gida tana sheƙi. Ni kuwa malamin makarantar sakandare ne, sunana a bakin Alhaji "Malam", kuma yadda yake faɗinsa ban taɓa gane ko girmamawa ce ko ya manta sunana na yanka ne ba. Ba zan ɓoye muku ba, abin yana cina a rai.

To, sai ga auren autan gidan ya taso, za a ɗaura a Toro ranar Asabar. Na je gaisuwa, ina durƙushe a zaure, Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, motar Injiniya mata za ta ɗauka, su suka fi yawa da kaya. Kai za ka kai ni, ni da ƙannena biyu."

Na ce, "To, Baba."

Ya ce, "Amma hanyar Jos hawa da gangara ce. Kuma ina jin kukan da motarka take yi idan ka taka birki a ƙofar gidan nan. A kai ta wurin makaniki a duba, a yi mata juyen mai."

Na ce, "An gama, Baba, in sha Allah."

Na fito daga zauren ina jin kamar an naɗa ni sarauta. Karon farko ke nan da Alhaji zai shiga motata, kuma a gaban dangi kaf. Na san idan tafiyar ta yi kyau na shiga layin surukan da ake kira, idan kuma ta ɓaci na koma inda nake har abada.

Motar tawa tsohuwa ce, ba na musu. Ta wuce hannun mutane da dama kafin ta zo nawa, kuma kowa ya bar mata tabo. Amma injinta lafiyayye ne, tana tashi da safe ba tare da an tura ta ba, abin da ba kowace motar malamin makaranta ce za ta yi alfahari da shi ba. Birkin ne kawai ya tsufa, yana ƙara kamar ana jan kujerar ƙarfe a kan siminti.

Mai hankali a nan zai kai ta gareji kamar yadda ya yi alkawari. Ni kuwa na shafe watanni ina kallon bidiyon gyaran mota a waya, har na kai matsayin da nake tausaya wa makanikai saboda yadda suke wahalar da kansu a kan abu mai sauƙi. Sai wani tunani ya shigo mini. Na hango mu a wata gangara, na taka birki, mota ta tsaya tsaf babu ƙara, Alhaji ya juyo ya ce, "Wane makaniki ne ya yi wannan aikin?" Ni kuma in sunkuyar da kai in ce, "Ai ni ne na ɗan taɓa, Baba." Daga ranar sai a raba sunan Injiniya gida biyu a ba ni rabi. Wannan hasashen ne ya kai ni shagon kayan mota ranar Laraba da yamma.

Mai shagon wani ɗan kudu ne da ya daɗe a Bauchi, Oga Emeka. Ya kawo mini galan ɗin baƙin mai, da filta, da fatun birki, da man birki, ya tsaya yana kallon farar rigata, sannan ya yi tambaya da irin Hausarsa.

"Malam, wane makaniki za ta sa maka?"

Na ce ni zan sa da kaina.

Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Madam ya sani?"

Na ce masa a gidana ni ne mai gida. Ya ce haka kowa yake faɗa, ya ƙara mini tsumma kyauta.

Alhamis da safe na hau da motar kan bulo, na cire riga da hula na rataye, na saura daga ni sai gajeren wando da wata singileti da ta huje a ciki. Ma'u ta leƙo daga kicin ta ce, "Abban Ummi, ba ka ce wa Baba makaniki za ka kai ta ba?"

Na ce, "Ga shi nan kina kallonsa."

Ta ce, "Allah ya kyauta," ta koma.

Da juyen mai na fara, kuma a nan na lura ban tanadi abin tarar tsohon man ba. Na duba ko'ina, babu wani mazubi mai faɗi. Sai idona ya faɗa kan wata fanteka mai zanen furanni a saman kabad, cikin kayan ɗakin da Hajiya, mahaifiyar Ma'u, ta yi shekaru tana tara mata. Ba a taɓa zuba komai a cikinta ba, aikinta kawai ta zauna a kalle ta. Na ce a raina ai wankewa za a yi, na lallaɓa na sauke ta lokacin da Ma'u ke jajjage. Na kwance notin ƙasan inji, baƙin mai mai ɗumi ya biyo hannuna ya gangara har hammata, wani ya sauka daidai tsakiyar sanƙon, sauran ya cika fantekar Hajiya har baki. (A bidiyo ba haka yake fita ba. A bidiyo mutumin ko agogonsa bai cire ba.) Na sa sabuwar filta, na ɗura sabon mai, na ja fantekar na ɓoye ta bayan tankin ruwa, na rufe da kwali.

Birkin ya ba ni wahala, amma na ci ƙarfinsa. Na ɗaga ta da jak na cire tayoyi, na fitar da tsofaffin fatun da suka cinye har ƙarfe ya fito, na sa sababbi, na mayar da tayoyi na ɗaure. Na shiga mota da taƙama na taka birki, sai ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka ɗanyen tumatir. Ashe garin ƙoƙarin sa fatun na kwance wani tiyo da bai kamata in taɓa ba, iska ta shiga cikin man birkin. Kuma birkin da iska ta shiga ba birki ba ne, ado ne.

Fitar da iskar nan aikin mutum biyu ne, kuma a nan ne labarin yake. Ɗaya yana zaune a kujerar direba yana taka birki, ɗaya yana kwance a ƙasa wurin taya. Na ƙasa ya ce "taka", na sama ya yi ta takawa. Ya ce "riƙe", na sama ya danne ƙafarsa kada ya motsa. Sannan na ƙasa ya kwance wani ɗan ƙaramin noti, mai da iska su fito, ya ɗaure, ya ce "saki". Idan na sama ya ɗaga ƙafa kafin a ɗaure notin, iska ta koma ciki, aiki ya dawo sabo. Haka za a bi tayoyi huɗu, a fara da ta baya mafi nisa daga direba, a ƙare da ta gaba da ke kusa da shi. Duk tsawon aikin ba wanda ke ganin fuskar wani.

Na cika man birki har baki, na kira Ma'u na yi mata bayani kamar ina gaban aji. Ta cire silifas ɗinta a bakin ƙofar mota, ta shiga, ta bar ƙofar a buɗe. Tunda na riga na mayar da tayoyi kuma ƙyuya ta hana ni sake cire su, sai na shimfiɗa kwali na shige ƙarƙashi, na cusa kaina bayan tayar baya, fuskata tana kallon katanga. A daidai lokacin maƙwabciyarmu Maman Grace ta tayar da injin markaɗenta a bayan katangar. Duk wanda ya zauna kusa da injin markaɗe ya san idan ya tashi sai dai a yi magana da ƙarfi.

Mun fara lafiya. Taka, riƙe, saki. Man ya yi tsartuwa ya shiga idona ɗaya, na rufe shi na ci gaba da ɗayan. Can na ce "taka", shiru. Na sake cewa "taka", shiru. Na ɗaga murya na ce, "Haba, a taka mana, tun ɗazu nake kwance a nan ina jira!"

Sai na ji motar ta lotsa ƙasa sosai, har kwalin da nake kai ya motsa. Sannan aka fara taka birki, takawa mai nauyi, a natse, babu gaggawa.

Da ina da rabin hankalin da nake koya wa 'ya'yan mutane, a nan zan tsaya in yi tunani. Amma na karkata kai na hango silifas ɗin Ma'u suna nan inda ta bar su, hankalina ya kwanta. Na ce, "Ke Ma'u, abincin bikin nan tun ba a dafa ba har ya fara kama ki? Kin ji yadda mota ta lotsa kuwa?"

Ba a amsa ba. Na ce, "Riƙe." Aka riƙe, riƙo na gaske.

Na ce, "Yauwa 'yar gidan Alhaji, yanzu kika zo aiki. Kada ki kuskura ki ɗaga ƙafar nan sai na ce, in kika ɗaga iska ta koma, ran Asabar sai dai mu tsaya da babanki a cikin gonar wani."

Na gama da wannan tayar, na ja baya a ƙarƙashin motar zuwa ta biyu ba tare da na fito ba. A nan ne shaiɗan ya kawo mini shawara. Na tuna fanteka, na kuma tuna ko ba daɗe ko ba jima sai Ma'u ta ga gurbinta a saman kabad. Sai na ga ai babu lokacin da ya fi wannan dacewa da faɗin gaskiya: ƙafarta tana kan birki, ba ta da ikon tashi, ni kuma mota tana kare ni ta ko'ina. Na jira sai da na ce "riƙe", na kwance notin, sannan na ce, "Ma'u, akwai wata 'yar magana, amma ki tuna in kika ɗaga ƙafa ran babanki ne a ciki. Fantekar nan ta Hajiya mai furanni, ita na tari baƙin mai da ita. Tana bayan tanki. Za ta wanku, in ma ba ta wanku ba ai dama ba a cin abinci a ciki."

Na saurara. Injin Maman Grace yana ta ruri, birki yana danne, babu ko tari daga sama. Na ce a raina ta shaƙa. Na san Ma'u, idan ta yi faɗa abin da sauƙi, idan ta yi shiru to a nemi tsari.

Na ja jiki zuwa tayar gaba ta dama ina neman abin da zai sa ta dariya. Akwai abu ɗaya da bai taɓa ba ni kunya ba, wato kwaikwayon Alhaji. Na iya shi ƙwarai, ba yabon kai ba. Duk ranar da na yi mata sai ta jefe ni da matashi tana cewa in ji tsoron Allah, amma tana dariya har da hawaye. Na cika ƙirji da iska, na ja wannan dogon gyaran muryar tun daga ciki, na saukar da murya na ce, "Malam. Hanyar Jos hawa da gangara ce. A kai ta wurin makaniki." Na ƙara da yadda yake cewa "madalla" idan abu bai yi masa ba, da yadda yake kiran Injiniya kamar yana tauna dabino.

Sai na ji motar tana ɗan girgiza a hankali. Na ce, "Na kama ki, dariya kike yi kina ɓoyewa." Amma har yanzu ba a ce uffan ba.

Sai na sauko, na koma lallashi. Kuma ban san yadda aka yi ba, wataƙila don ba na ganin fuskar kowa, bakina ya buɗe na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa ko ita ba. Na ce, "Ma'u, ki yi haƙuri da ni. Duk wannan wahalar da kika ga ina sha, don babanki nake yi. Wallahi tsoron mutumin nan nake ji. So nake ko sau ɗaya ya dube ni yadda yake duban Injiniya, ya ga bai yi asarar 'yarsa ba." Daga nan kuma na zarce da wasu kalamai irin na miji da mata, har da wani suna da nake kiranta da shi idan mu biyu ne. (Ba zan rubuta shi a nan ba. Mutum ɗaya da ya ji shi ba da izini ba ya isa.)

Na iso taya ta ƙarshe, wadda ke ƙasan kujerar direba. Taka. Riƙe. Na kwance noti, mai ya fara fita. Ta gefen idona mai lafiya na ga ƙafar hagu ta sauko daga mota ta sauka a ƙasa, kusa da kaina, alamar mai ita ya gaji da zama. Na ce bari in rufe sulhun da wasa. Na miƙa hannuna baƙi ƙirin da mai, ba tare da na duba ba, na cafke idon sawun, na ɗan yi masa cakulkuli da babban yatsa, na ce, "Haba amaryata, fushin ya isa haka."

Abu na farko da hannuna ya gaya mini shi ne ƙafar ta yi kauri. Na biyu, akwai gashi. Na uku, yatsuna sun taɓa bakin wando mai aiki, shadda mai tauri da sitaci. Na juya kai a hankali, na ga takalmin fata irin na dattawa, wanda na sha kallo a ƙofar zauren Wunti ina durƙushe. A daidai lokacin kuma, kamar da gangan, Maman Grace ta kashe injinta.

Cikin wannan shirun na ji gyaran murya. Na ainihi, ba irin nawa ba.

"Malam, in saki, ko in ci gaba da riƙewa?"

Jama'a, ana cewa mutum ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ni ina kwance a ƙasar ma, na roƙe ta, ta ƙi. Sai da na ɗauki lokaci kafin na tuna har yanzu ina riƙe da ƙafar. Na sake ta a hankali. Abin takaicin shi ne notin yana kwance, in ya ɗaga ƙafa aikin yini ya lalace. Ba ni da zaɓi.

Na ce, da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba, "A ɗan ƙara riƙewa, Baba."

Ya ce, "To."

Na ɗaure notin. Na ce, "Allah ya ƙara girma, a saki." Ya saki. Kuma da yake iskar ba ta gama fita ba, sai da muka sake zagaye. A taka, Baba. A riƙe, Baba, in babu damuwa. A saki, Allah ya saka da alheri. Ban taɓa jin an fitar da iskar birki da ladabi irin na ranar ba.

Da muka gama, sai wata matsalar ta taso. Ba zan iya fitowa ba. Gajeren wando, hujajjiyar singileti, sanƙo shafe da baƙin mai, hula tana can rataye a ƙusa. Ba kuma zan iya ƙin gaisuwa ba. Na rasa yadda ake durƙusawa a kwance, sai na haɗa gwiwoyina na gaishe shi daga inda nake.

"Baba, an zo lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Ya aiki?"

"Da godiya, Baba. Ya mutanen gida? Ya Hajiya?"

"Tana lafiya." Ya yi gyaran murya. "Ga goro da alawa na kawo, suna bakin get. A sa su a bayan mota."

Ya sauko, motar ta ɗago. Ina kallon ƙafafunsa suna tafiya har get, farin wando tas, sai shatin yatsuna biyar baƙaƙe a ƙafar hagu. Da wannan tambarin ya fita titi ya tari keke mai ƙafa uku.

Ban fito ba sai da na ji dariyar Ma'u. Tana zaune a dokin ƙofa, ta cusa gefen zaninta a baki, hawaye na zuba. Ashe miya ce ta yi ambaliya, shi ya sa Ma'u ta bar motar da gudu babu takalmi, ta ce ta gaya mini amma inji ya cinye maganar. Da ta dawo ta tarar da mahaifinta a kujerar direba, ni kuma ina tsakiyar bayanin fanteka. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu ya yi mata alamar ta koma. Daga nan ta laɓe bayan labule ta ji sauran. (Maganar fanteka mun yi ta daga baya, kuma ba a cikin dariya ba. Furannin ba su dawo ba.)

Ranar Juma'a ta je Wunti aikin biki ta dawo mini da sauran bayani daga bakin Hajiya. Alhaji ba mai zuwa gidan 'ya'yansa ba ne, goron ne ya kawo shi, da kuma son ya gani da idonsa ko an duba motar. Ya yi sallama ba a ji ba. Ya ga ƙafafu biyu baƙaƙe a ƙarƙashin mota, ya ɗauka makanikin da na yi alkawari ne, ya ji bawan Allah yana roƙon a taka masa birki, ya shiga ya taimaka. Kafin ya gane muryar wane ne, an riga an gaya masa in ya ɗaga ƙafa zai ƙare a gonar wani. In kuma ya yi magana, ya san kunya za ta kashe surukinsa a kwance. Sai ya zaɓi ya yi shiru yana fatan in gama in yi shiru ni ma, ni kuwa kamar an kunna rediyo.

Na ce, "To maganar tafiya fa? Ya fasa?"

Ta ce, "Bai ce komai ba."

Na wuni ina jiran saƙon cewa an sauya shiri. Mutumin da ya yi ƙaryar makaniki, ya kwaikwayi surukinsa a kunnensa, ya kira shi amarya, ya yi masa cakulkuli, ban ga ta inda za a ba shi amanar dattawa uku a hanyar Jos ba. Saƙo bai zo ba, kuma rashin zuwansa ya fi zuwansa azaba.

Asabar da sassafe na isa Wunti da hular da ta fi kowace zurfi a cikin hulunana. Motar Injiniya tana gaba tana sheƙi. Alhaji ya fito da ƙannensa, na zube na gaishe su idona a ƙasa. Injiniya, wanda da alama ya ji ƙishin-ƙishin, ya buɗe ƙofar motarsa ya ce, "Baba, ko nan za ku shiga, matan su bi Malam?"

Alhaji ya ce, "A'a. Waccan na san birkinta, da ƙafata aka yi shi." Ya zagaya ya zauna a gaba kusa da ni.

Muka fita daga gari. Na riƙe sitiyari da hannu biyu kamar ɗan koyo. A gangarar farko na taka birki, mota ta rage gudu sumul, babu ƙara, babu gardama. Na ji daɗi, amma ban isa in nuna ba. Muna cikin tafiya sai na ji gyaran murya a gefena.

Ya waiwaya wurin ƙannensa ya ce, "Ashe Malam ya iya muryata. Malam, yi musu su ji."

Na ce, "Baba, a yi mini rai."

Ya ce, "Yi musu. Har da na Injiniya."

Haka na yi, ina tuƙi. Na ja gyaran murya, na ce hanyar Jos hawa da gangara ce. Dattawan baya suka fashe da dariya, ɗaya yana dukan kujerata yana cewa wallahi shi ne, tun yana yaro haka yake. Na saci kallon Alhaji, na ga kafaɗunsa suna rawa, rannan na fara ganin haƙoransa na ciki. Da dariyar ta lafa, ya mayar da ido kan titi ya ce, ba da ƙarfi ba, yadda ni kaɗai zan ji, "Tsoron nan kuma ya isa haka, Malam. Ban yi asara ba."

Na yi kamar ina duba madubi. A duk shekarun aurena babu maganar da ta yi mini daɗi kamar wannan, kuma a gaskiya ban ga ta inda na cancance ta ba.

Har yau ni nake yi wa motata juye, ni nake sauya mata fatun birki, sai dai na sayi roba ta musamman don baƙin mai. Abin da na koya kuwa shi ne, kafin ka buɗe cikinka a ƙarƙashin mota, fito ka ga fuskar wanda ke kan birki, kada ka yarda da shaidar silifas. Injiniya yana nan da sunansa cikakke, ba a raba an ba ni komai ba. Muƙamin da na samu daban ne: duk taron suna ko biki a gidan, da an ci an ƙoshi sai a ce a kira Malam ya yi mana Alhaji, shi kuma yana zaune a gaba yana gyara mini inda na yi kuskure.